Tun da aka sace WhatsApp ɗin shugabanmu zauren ƙungiya ya koma kasuwar jita-jita, ya zan yi da shi?

Sakataren Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina da shagon kwamfuta a Tudun Wada nan Gusau. Buga takardu, fotokofi, hoton fasfo, da cike wa ɗalibai fom idan kakar JAMB ko NECO ta kama. Shekara tara ke nan ina cikin sana'ar. Mu masu irin wannan shago da masu POS da wasu masu gyaran waya muna da 'yar ƙungiya, ni aka ɗora wa sakatare, ba don na fi kowa sani ba, don dai firintata ce ba ta cika lalacewa ba, takardar taro ba ta makara. Muna da zaure a WhatsApp, mu ɗari da tamanin da 'yan kai.

Wata biyu da suka wuce, wata Laraba bayan la'asar, wani ya kira shugabanmu. Alhaji dattijo ne, ya haura sittin, shi ya koya wa da yawanmu aikin tun zamanin keken rubutu. Mai kiran ya gaishe shi da Hausa tsantsa, ya ambaci sunan ƙungiyarmu daidai, ya ce akwai taron tallafin masu ƙananan sana'o'i da za a yi ta intanet da ƙarfe takwas na dare, an turo masa lambar shiga, ya karanto a sa sunansa a sahun farko. Saƙo ya shigo, lambobi shida. Alhaji ya karanta masa tsaf, har ya yi masa godiya. Lambar nan kuwa ita ce wadda WhatsApp ke turowa idan za a buɗe asusun mutum a wata wayar. A jikin saƙon an rubuta kada a ba kowa, amma da Turanci ne, kuma ga mutum a layi yana cewa "Baba yi sauri, za a rufe rajista."

Kafin magariba saƙonni sun fara shiga wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya, da hoton Alhaji da sunansa: wai bankinsa ya ƙi aiki, a tura wa wani asusu dubu arba'in, gobe da safe zai mayar. Mutum uku suka tura. Ni ma ya zo mini, kuma wallahi har na buɗe manhajar banki. Abin da ya tsayar da ni ƙaramin abu ne. Alhaji bai taɓa rubuto mini saƙo ba a rayuwarsa, murya yake turowa, kullum da "Sakatare, kana lafiya? Ya iyali?" kafin ya shiga magana. Wannan kuwa ya fara da "Slm". Na ce Alhajin da na sani ba zai gutsure sallama ba. Na hau mashin na tafi gidansa, na same shi a ƙofar gida kan tabarma yana cin tuwo da maƙwabta, hankalinsa kwance. Ya ce mini ai WhatsApp ɗin ne ya fita da kansa, yana jira yaro ya dawo ya gyara masa.

Nan take muka sake neman lamba a wayarsa muka sa, wannan ya kori ɓarawon daga asusun. Sai dai ɓarawon ya riga ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin makulli da WhatsApp ke nema bayan lambar saƙo, da lambar sirrinsa, don haka sai da Alhaji ya jira kwana bakwai kafin ya shiga. A 'yan awoyin da ɓarawon ya samu, da yake Alhaji admin ne, ya sauke sauran admin biyu. Ni kaɗai ya kasa taɓawa saboda ni na buɗe zauren tun farko.

To ba wannan ne ya kawo ni ba, wannan ya wuce. Abin da ya biyo baya ne ya dame ni. Tun daga ranar kowa ya zama malamin tsaro. Da asuba ka buɗe waya ka tarar da saƙo saba'in. Wani ya turo muryar wani mutum da ba wanda ya sani, minti tara, wai kada a ɗaga kiran lamba mai farawa da kaza, da ka ɗaga an kwashe kuɗinka. Wani ya turo hoton wani saurayi ya ce ga ɓarawon. Wani ya bi da tallan data mai araha, wani da wa'azi, wani ya ce a yafe masa ya turo ne bisa kuskure. Ranar da wani yaro mai POS a Gada Biyu ya rubuta cewa an kawo masa alat na bogi, da bayanin yadda mutumin ya yi, saƙonsa ya nutse a cikin tarkacen nan, mutum biyu kacal suka amsa masa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne daga baya na gano cewa mako guda kafin a kira Alhaji, an kira wasu mutum biyu a cikinmu da wannan dabarar, kalma da kalma. Ɗaya ya gane ya kashe wayar, bai ga dalilin faɗa ba. Ɗayan an sace WhatsApp ɗinsa, ya sayi sabon layi ya yi shiru, ya ce wa mutane wayarsa ce ta faɗa ruwa. Da na tambaye shi a keɓe ya ce, "Haba Sakatare, a ce mai shagon kwamfuta guda an yi masa wayo a waya? Wa zai sake kawo mini aiki?" Ina kyautata zaton daga asusunsa ɓarawon ya ga sunan ƙungiya da lambar Alhaji. Da ɗan'uwan nan ya buɗe baki da dubu ɗari da ashirin ɗin nan tana aljihun masu ita.

Shi ne nake neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan zaure. Ta yaya zan tsara shi har wanda aka cuta ya iya faɗa ba tare da jin kunya ba, a kuma daina binne gargaɗin gaskiya a ƙarƙashin shara? Na yi tunanin rufe bakin kowa, admin kaɗai ya riƙa magana, amma ina tsoron idan na yi haka zauren ya mutu.

Malamin Kwamfuta, Ƙaura:

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Kada ka rufe bakin kowa a zaure ɗaya tilo da kuke da shi. Raba shi biyu. Wannan na yanzu ka bar shi yadda yake, na hira da gaisuwa da sanarwar biki. Ka buɗe na biyu wanda admin kaɗai ke iya turawa, ka sa masa suna mai sauƙi. Duk wanda wani abu ya faru da shi ya same ka kai tsaye, kai ka rubuta ka sa a can ba tare da sunansa ba. Abu huɗu suka isa: yaushe, ta wace hanya aka zo masa, me aka ce masa, me aka nema daga gare shi. "Jiya Talata an kira ɗaya daga cikinmu, aka ce taron tallafi ne, aka nemi lambar da ta shigo wayarsa." Shi ke nan. Idan a mako saƙo biyu ne ke shiga wancan zauren, duk lokacin da ya yi ƙara mutane za su duba. Sharaɗin kuwa guda ɗaya: abin da ya faru da ɗan ƙungiya ko a gaban idonsa ne kawai zai shiga. Wanda ya zo da "an ce" sai a tambaye shi wa ya ce. Ka kuma canza linkin gayyata na tsohon zauren, ka kunna tsarin da sai admin ya amince kafin sabon mutum ya shiga, don ba ka san hannun da tsohon linkin ya faɗa ba.

Amma bari in taɓo maka inda ba ka tambaya ba, don na sha shiga shagunan nan naku in buga takarda. Ku kuna kallon waya, ramin yana kan teburinku. Kwamfutoci da yawa har yanzu Windows 7 ne a kansu, wanda Microsoft ta daina yi wa gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020. Windows 10 ma an daina ba shi tallafi na yau da kullum daga 14 ga Oktoba 2025. Mafi yawa kuma na sata ne, an kashe sabuntawa da gangan don kada ya kama kansa. A watan Mayun 2017 wani bairos mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya, ana neman kusan dala 300 a kan kowace kwamfuta kafin a buɗe. Microsoft ta riga ta fitar da maganin ramin da bairos ɗin ke bi ya shiga tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci, galibi ba su sabunta ba ne.

Yanzu ka duba abin da ke cikin kwamfutarka. Takardar NIN ta mutane nawa ce a babban fayil ɗin da kake zuba abin da ka yi sikanin? Hoton fasfo, sakamakon jarrabawa, takardar haihuwa, wani lokaci har takardar banki. Ɗalibi ya zo ya shiga Gmail ɗinsa ya tafi bai fita ba. Wata ta haɗa WhatsApp ɗinta da kwamfutar shago don a ciro takarda, ta tafi ta bar shi a buɗe, yaron shago na karanta hirarta da daddare. Filas kuma kowa ya zo ya soka nasa, gobe ka ga duk fayilolin sun koma gajerun hanyoyi marasa buɗuwa. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, da hukumar NDPC da ke kula da ita, kuma mai riƙe da bayanan mutane yana da nauyi a wuyansa ko da shagonsa ɗaki ɗaya ne. In da ni ne, wannan zan sa a gaba a zaman farko: kowa ya goge takardun kwastoma idan an gama aiki, a ware kwamfuta guda ta karɓar filas wadda ba a shiga banki ko imel a kanta.

Hajiya mai POS, Birnin Kebbi:

Sakatare sannu da ƙoƙari. Malam ya yi magana ta ilimi, amma ni akwai inda ban bi shi ba. Wanga tsari na rubutu, mutum nawa za su karanta? Mu nan cikin masu POS na wajen kasuwa, rabinmu in ka rubuta layi biyar ba su kai ƙarshe. Shi Alhajin naku ma ka ce murya shika turawa. To ka yi musu da murya, da Hausa, kada ta wuce minti ɗaya, kuma muryarka kai da sunka sani, ba ta wani baƙo ba.

Maganar kunya kuwa, ɗan'uwana, ɓoye suna ba shi kashe ta. Abin da munka gani nan shi ne sai babba ya fara tona kanshi. Ni lokacin ƙarancin takardun Naira, farkon 2023, da mutane sunka yi layi har bakin titi, wani ya zo da shadda mai kyau yac ce ya turo dubu sittin, ya nuna min waya, ni ma tawa ta yi ƙara, saƙo ya shigo da sunan banki. Ga mutane na ta matsa min, na ƙirga kuɗɗi na ba shi, a lokacin da dubu biyar ma sai da roƙo. Sai dare da na zauna lissahi na buɗe manhaja, babu ko kwabo. Saƙon waya ne kawai anka ƙirƙira. Wata uku ban gaya ma kowa ba, ko maigidana. Ranar da na faɗa a taronmu, ina rufe baki mata huɗu sunka ce su ma an yi musu, ɗaya ma har sau biyu. Tun daga nan dokarmu ita ce ba a kallon saƙo, ba a kallon hoton rasit a wayar kwastoma, sai an ga kuɗɗi sun zauna cikin asusu. Mai gaggawa shi jira ko shi tahi gaba.

Sannan ka duba ko akwai mata cikin ƙungiyarku. In akwai, ba za su kira ka su ce an yaudare su ba, ko kai waliyyi ne. Ka samu mace guda mai hankali ta zama ita ce ƙofarsu.

Abu guda da nike roƙon ka koya musu a zaman farko, su sa ma layinsu lambar sirri, shi sim ɗin kanshi, ba makullin allo ba. Ɓarawon waya ba wayar ta dame shi ba, sim ɗin zai cire shi sa a wata ƙaramar waya, shi danna *565*0# BVN ta fito, saƙon banki kuma duk hannunshi zai riƙa shiga. In sim na da makulli, da an sa shi a wata waya sai ya nemi lamba. Amma ka gargaɗe su: kuskure uku, sai an nemo PUK, lamba takwas da ke jikin katin da anka ɓallo sim ɗin. Wanda ya yar da katinshi ya bi a hankali, in ya yi ta cankar PUK har sau goma layin ya tahi, sai walkam-bak.

Dattijon Mafara:

Ni abu biyu zan ƙara. Hoton saurayin nan da aka turo aka ce shi ne ɓarawo, ka sa a goge shi yau, ka kuma hana. Sunan da ke fitowa a asusun da aka tura wa kuɗi sau da yawa ba na ɓarawon ba ne, na wani ne da aka sace wa waya, ko wani yaro da aka ba dubu biyu ya ba da aron asusunsa. A garin da muke ciki, da halin da ake ciki, ka san abin da kalmar ɓarawo ke jawo wa mutum a kasuwa. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, mai yaɗa irin wannan zai iya tsintar kansa yana amsa tambaya. Lambar asusun a kai wa banki da gaggawa, a kai wa 'yan sanda ko EFCC, ba zaure ba.

Na biyu, kada ku jingina komai a kan waya. Kun manta Satumbar 2021 da aka kashe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya? Makonni muka yi ba kira ba saƙo, ƙungiyoyin da ba su da wurin zama sai a WhatsApp duk suka watse. Ku sa ranar haɗuwa ido da ido ko sau ɗaya a wata, ku sami littafi mai bango a riƙa rubuta abin da ya faru.

Sakataren Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na dawo in faɗa muku yadda aka yi.

Hajiya, maganarki na ɗauka na kai wa Alhaji, ina ɗari-ɗari don ban san yadda zai karɓe ta ba. Ya yi shiru, can ya ce, "To ai ni kowa ya riga ya sani, me ya rage in ɓoye?" Ranar Asabar muka haɗu a rumfar gaban shagona, mutum arba'in da ɗaya suka zo. Alhaji ya miƙe ya ba da labarin da bakinsa, har yana kwaikwayon muryar mai kiran, "Baba yi sauri," mutane na ta dariya, shi ma yana yi. Bai zauna ba sai ga mutumin nan da wayarsa ta faɗa ruwa ya ɗaga hannu ya ce a gaskiya ba ruwa ba ne. Ban taɓa zaton zai faɗa ba, ban kuma nuna na riga na sani ba. Daga nan aka ɓalle, labari shida muka rubuta a littafin da Baba na Mafara ya ce a saya. Biyu daga ciki ban taɓa jin irinsu ba, ɗaya na wani da ya sauke WhatsApp ɗin nan na bayan fage mai nuna saƙon da aka goge, aka rufe masa lamba.

Sai muka ce kowa ya fito da wayarsa. Cikin arba'in da ɗayan nan, tara ne kawai suka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, mu da ake kawo wa waya gyara. Muka bi layi-layi aka kunna wa kowa, mutum uku kuma suka tarar WhatsApp ɗinsu na haɗe da wata kwamfutar da ba su tuna ba, aka cire. Wajen makullin sim ne aka samu matsala, wani mai gyaran waya ya ƙi jira a yi bayani, ya danna lambar da ya ga dama sau uku, layinsa ya kulle. Sai da ya koma gida Samaru ya zazzage akwatin matarsa kafin ya samo katin.

Zaure na biyu ya fara aiki, murya nake turawa kamar yadda Hajiya ta ce, in bi da layi biyu a rubuce saboda masu son tura wa wasu. Wata 'yar'uwa mai POS a Sabon Gari ta karɓi ɓangaren mata, su goma sha huɗu ne. Tsohon zauren kuma yana nan da hayaniyarsa, jiya ma an sake turo muryar nan ta minti tara.

Malam na Ƙaura, kai kuma ka hana ni barci. Na buɗe fayil ɗin sikanin na shagona na tarar da takardun mutane tun na 2019, na kwana ina gogewa. Amma kwamfutoci biyu daga cikin ukun da nake da su tsofaffi ne, ƙwaƙwalwarsu giga biyu-biyu, Windows 11 ba zai hau kansu ba, kuɗin sababbi kuma babu shi a yanzu. Idan na cire musu intanet gaba ɗaya na bar su a buga takarda kawai, guda ɗayan ta riƙa yin rajista, hakan zai wadatar zuwa bayan kakar JAMB, ko filas ɗin da zan riƙa ɗaukar aiki da shi tsakaninsu zai mayar da ni gidan jiya?